Wankin gilashin taga: a ƙidaya kafin a yanke kuɗi

Duk wanda ya zaga sabbin unguwannin Yamai, ko na Maraɗi da Damagaram da Tawa, zai ga yadda gilashi ya yawaita a jikin gine-gine. Gidan ƙasa na gargajiya ba ya da wannan ɗawainiya, domin tagarsa ƴar ƙarama ce, marfinta na katako ko na kwano, wani sa'in ma rami ne kurum aka bari can sama don iska. Gilashi ya soma shiga gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa sosai ne a shekarun da kuɗin uraniyom ya shigo, bayan da aka fara haƙarsa a Arlit cikin 1971. A lokacin tagar nako ce ake yayi, watau mai falle-fallen gilashi jere a kwance, waɗanda ake buɗewa da ɗan hannun ƙarfe. Daga baya tagar alminiyom mai turawa gefe ta zo, sa'an nan manyan gine-ginen da aka yi a Yamai domin taron Tarayyar Afirka na watan Yuli na 2019 suka ƙara sa wa masu gini sha'awar bango mai gilashi tun daga ƙasa har sama.

To, gilashi da ƙura ba su ga maciji, ƙasar nan kuwa ta ƙura ce. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da hazo wanda mai yawa daga cikinsa ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Da hunturu ya wuce bazara ta kama, hadarin farko-farko sai ya turo jar guguwa a gabansa, yayyafi ya biyo baya ya dama ƙurar a kan gilashin ta zama taɓo. Saboda haka wankin taga ya zama sana'a, ko da yake har yanzu ba a cika kiranta da wannan suna ba. Masu yin ta galibi samari ne, da ƴan cin rani da ke shigowa birni bayan an gama girbi, da waɗanda suka taɓa aiki a kamfanonin share ofisoshi suka fito suna neman na kansu. Wankin bai cika gagarar su ba. Abin da ke kayar da su shi ne faɗin kuɗin aikin.

Yadda cinikin ke gudana sananne ne. Saurayi ya yi sallama a ƙofar gida da bokiti da tsumma, maigida ya leƙo ya ce masa: «Nawa za ka wanke mini tagogin gidan nan?» Shi kuwa, don kunya ko don tsoron kada aikin ya kuɓuce masa, sai ya amsa: «Alhaji, ai ba komi, abin da ka ba ni.» Ko kuma ya dubi bangon gaba kurum, ya ga taga uku, ya ce jaka biyu, bai san akwai wasu bakwai a baya ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma ƙarshensa ɗaya ne cikin biyu: ko dai mai aikin ya yini yana wahala ya tashi da abin da bai kai kuɗin abincinsa da na motarsa ba, ko kuma ya gane an kwashe shi tun aiki bai yi nisa ba, ya shafa wa sauran tagogin ruwa sama-sama ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Maigida na zaton ya ci riba, sai rana ta haska gilashin ya ga zane-zanen tsumma, ya ce yaran yanzu ba su iya aiki ba.

Ƙidaya ita ce farkon ciniki

A ƙasashen Turai da Amurka, inda sana'ar ta daɗe da kafuwa, akwai hanyoyi uku da aka saba yanke kuɗi da su: bisa yawan tagogi ko fallayen gilashi, bisa faɗin gilashin da aka auna da metir, ko kuwa bisa yawan awoyin da aikin ya ci. Kowace da amfaninta da aibinta. Biyan awa yana sa maigida zargin ana jan aiki da gangan, kuma yana cutar gwani, tunda wanda ya fi sauri shi ne zai fi samun kaɗan. Awo da metir ya dace da ofisoshi da kantuna masu manyan gilasai marasa shinge, amma a gidan zama yaudara ce, domin metir guda na tagar nako ya fi metir uku na shimfiɗaɗɗen gilashi cin lokaci. Abin da ya fi dacewa da gidajen ƙasar nan shi ne mai aiki ya yi lissafinsa da lokaci a cikin zuciyarsa, sa'an nan ya faɗa wa maigida kuɗin kowace taga gwargwadon irinta. Taga abu ce da kowa ke iya gani ya ƙidaya da yatsa, ba ta jawo gardama.

Don haka kafin a ambaci ko dala ɗaya, tilas mai aiki ya nemi izni ya zaga gidan, ciki da waje, tare da maigida ko wanda ya wakilta. Wannan zagaye ba ya wuce minti goma, kuma a cikinsa ne ake gane ainihin nauyin aikin. A ɗauki tagar nako mai layi biyu, kowane layi da falle takwas: falle 16 ke nan, kowane da fuska biyu, watau fuska 32 a taga guda, ban da bakin kowane falle da ƴan ƙarafunan da ke riƙe da shi, inda ƙura ke daskarewa. Gidan da ke da irin wannan taga takwas yana da fuska 256 da hannu zai bi ɗaya bayan ɗaya. Bakin fallen kuma yana da kaifi, wanda ya yi gaggawa sai ya yanke. Tagar alminiyom ta fi sauƙi a fuska, amma kwarin da take gudu a cikinsa yakan cika da rairayi, sai an bi shi da ɗan buroshi, in ba haka ba tagar ta riƙa cijewa, uwargida kuwa nan take fara dubawa.

Akwai kuma abubuwan da ke tsakanin hannu da gilashi. Kusan babu tagar gidan birni da ba ta da ƙarafunan tsaro saboda ɓarayi, da yawa kuma suna da ragar sauro a kansu. In ƙarafunan sun matsu, hannu ne kaɗai ke shiga, robar share ruwa mai mariƙi ba ta da wurin juyawa, aikin minti biyar ya koma na minti ashirin. Ragar ita ma ma'ajiyar ƙura ce: in aka wanke gilashi aka bar ta, iska ɗaya ta isa ta mayar da aikin baya. Sai a tambaya tun farko, wankin ragar da goge ƙarafunan suna cikin cinikin ko kuwa? Tagar madafa tana da maiƙo da hayaƙi, tana son ruwan ɗumi da sabuni mai yawa. Tagar da ke kusa da inda ake ban-ruwan fulawa takan yi farin tabo, wanda ruwa ke bari in ya bushe, sabuni ba ya fitar da shi sai an sa binegar an bar shi ya jiƙa. Duk waɗannan lokaci ne, lokaci kuwa shi ne abin da mai aikin ke sayarwa.

Lissafin yini

Daga ina za a samo ma'aunin kuɗin lokacin? Akwai abin dogara a doka. Dokar aiki ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako, kuma mafi ƙanƙantar albashi, wanda ya tsaya a tamma 30.047 tun 2012, an ɗaga shi zuwa tamma 42.000 a wata daga farkon 2024. In aka raba wannan da awoyin aiki na wata, kimanin 173, kowace awa ta tashi a wajen tamma 242, watau dala 48 da ƴan kai. Amma kuskure ne mai wankin taga ya ɗauki wannan adadi ya ninka shi da awoyin da ya yi a gidan mutum ya ce ya gama lissafi. Mai albashi ana biyansa ko aiki ya yi yawa ko ya yi kaɗan, yana da hutu, in an yi rajistarsa a asusun kula da ma'aikata kuma akwai mai ɗaukar nauyinsa in ya yi hatsari a bakin aiki. Mai bokiti ba ya da ko ɗaya. Ranar da bai sami gida ba, yawo ya yi a banza, kuma ranar ma sai ya ci abinci. Ranakun da ya samu su ne za su ɗauki nauyin waɗanda bai samu ba.

Ga misali, da alƙaluman da aka ɗauka don bayani kurum, kowa sai ya sa na garinsu a madadinsu. A ce cikin ranakun aiki 26 na wata mutum yana samun gida a 13. Domin ya kai ga tamma 42.000, dole kowace ranar aiki ta bar masa wajen tamma 3.250, watau dala 650, bayan ya fitar da abin da ya kashe. A ce kuma gidan da ya zo yana da tagar nako takwas masu ƙarfe da raga, kowace minti 20, da babbar ƙofar gilashi ta falo mai cin minti 30, da ƙananan tagogin makewayi biyu can sama, kowace minti 10. Jimla minti 210, awa uku da rabi. A ƙara rabin awa na ɗage labule da janye kujeru da ɗebo ruwa da share inda ya zuba, a ƙara awa guda ta zuwa da komowa: awa biyar sun tafi, kuma da wuya a sami wani gidan a sauran yinin, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Wannan gida shi ne yininsa.

Sai abin da ya fita daga aljihunsa. A ce sabuni da binegar da tsumma dala 60, kuɗin taksi ko kabu-kabu zuwa da komowa dala 120. Akwai kuma wanda kusan kowa ke mantawa, watau cin kayan aiki: tsanin da aka saya jaka 30, in zai yi aiki 200 kafin ya lalace, to kowane aiki ya ci dala 30 daga jikinsa, kuma wanda bai ware wannan ba ranar da tsanin ya karye sana'arsa ta tsaya. In aka tara 650 da 60 da 120 da 30, an sami dala 860, watau tamma 4.300. Sai a cike shi jaka huɗu da rabi, a rarraba a kan tagogin yadda maigida zai gane: kowace nako dala 80, ƙofar falo dala 180, ƙananan biyu dala 40 kowace. Wanda ya ce jaka biyu daga bakin ƙofa kuwa, in ya fitar da dala 210 na kaya da mota, dala 190 suka rage masa a kan awa biyar, dala 38 ke nan kowace awa, ƙasa da abin da doka ta ba mafi ƙanƙantar ma'aikaci, wanda shi ba ya hawa tsani.

Amfanin faɗin kuɗi taga-taga yana fitowa ne in an zo tayi. Ciniki a ƙasar Hausa ba ya tafiya sai da «rage mini» da «albarka», kuma babu laifi mai aiki ya ɗora ɗan abin da zai sauka a kansa, kamar dala ɗari. Amma in maigida ya nace sai jaka uku, amsar da ta dace ita ce a rage aiki tare da kuɗi: «To, Alhaji, sai a bar na ɗakunan baya, a yi falo da na gaba.» Ta haka ba a yi faɗa ba, ba a kuma yi asara ba. Wanda ya faɗi kuɗi a dunƙule ba ya da wannan mafita, duk abin da ya rage daga guminsa ya rage shi.

A nan ya kamata a ja hankali kan wani ruɗani da ya sha haddasa rigima a ƙofar gida. Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, ɗari biyar a bakinsa tamma 2.500 ce. Baƙo, ko ma'aikacin da ya saba lissafi da Faransanci, in ya ji ɗari biyar yana iya ɗauka tamma 500 ake nufi. Sai an gama aiki a ga ninki biyar ne tsakanin abin da wannan ya faɗa da abin da wancan ya ji. Maganin abin shi ne a rubuta adadin da lamba, da tamma, ko a takarda ko a wayar hannu, kowa ya gani kafin a jiƙa tsumma.

Abin da ke ƙara kuɗi, da abin da ke rage shi

Gidan bene daban yake. Tagar sama tana cin lokaci ninki, saboda hawa da sauka da matsar da tsani, ga kuma kasadar da ke ciki, domin wanda ya faɗo daga tsayin metir biyar a kan daɓen siminti ba kuɗin taga zai yi masa jinya ba. Ƙa'idar kafa tsani ita ce, a kowane metir huɗu na tsawo a janye gindinsa metir ɗaya daga bango, kuma a sami mai riƙewa a ƙasa. Mai riƙewar nan shi ma mutum ne, yininsa yana cikin lissafi. Saboda haka ninka kuɗin tagar bene ba zalunci ba ne. In kuwa babu wurin kafa tsani, ko wayar lantarki ta ratsa kusa da tagar, gara a wanke ta daga ciki iyakar inda hannu ya kai, a faɗa wa maigida gaskiya. Abin takaici ne yadda wasu ke ɗaukar aikin bene da araha sa'an nan su tura ƙaramin yaro ya hau, wai shi ne mara nauyi.

Sabon gini shi ma ba a yi masa kuɗin tsohon gida. Magina da masu fenti sukan bar ɗigon siminti da fenti da takardun da aka manna wa gilashi tun daga kanti, kuma waɗannan sai da reza, a hankali, a kan jiƙaƙƙen gilashi. Aikin yakan ci ninki biyu ko uku na lokaci, kuma a nan ne aka fi ƙarzar gilashi. Gilashin da aka manna wa baƙar leda don rage hasken rana kuwa, reza ba ta taɓa fuskar da ledar take, ko da wasa.

Wani lokaci waje kaɗai ake so a wanke, ko don gidan na kulle ne ba a shigar da baƙon namiji ɗakunan mata, ko don mai aikin gidan yana goge ciki da kansa. Masu gida sukan ce tunda fuska ɗaya ce, sai a biya rabi. Ba haka ba ne. Wajen shi ne mai ƙura da kashin tsuntsu da raga da tsani da rana, kuɗin mota kuma bai ragu ba. Kashi biyu cikin uku ya fi kusa da adalci. Haka nan ƙaramin gida mai taga uku: tilas a sami adadin da ba a sauka ƙasa da shi, tunda zuwa da komowa ɗaya ne ko taga uku ce ko goma. Ruwa ma a tambaya. In na famfon gidan ne, shi ke nan. In kuwa unguwar sai an saya wurin ƴan ga-ruwa, a san wanda zai biya kuɗin bidon.

Rangwame yana da wurinsa, amma sai inda aikin ya ragu da gaske. Gidan da aka yi yarjejeniya ana zuwa kowane mako biyu cikin hunturu, ƙurarsa ba ta daskare ba, an san inda ruwa yake da inda tsani ke zama, aikin awa huɗu ya koma na biyu da rabi. Irin wannan gida ya cancanci ragi, kuma ya fi baƙon gida uku daraja, domin shi ne ke rage ranakun yawon banza. Haka kuma in maƙwabta biyu ko uku suka haɗa rana ɗaya, kuɗin mota ya rabu a tsakaninsu. Amma ragin da ake yi don a ƙwace gidan wani, watau a ji abokin sana'a ya ce jaka huɗu a ce za a yi a biyu, wannan yana karya kasuwar unguwa baki ɗaya, kuma mai yin sa ba ya daɗewa a sana'ar. Ana gobe Salla, da lokacin biki ko suna, aiki yakan yi yawa har a rasa masu yi. Wanda ya ƙara kaɗan a kan baƙin gidaje bai yi laifi ba, amma mai hankali ba ya ƙara wa gidan da ya riƙe shi duk shekara.

Saura maganar fashewa, wadda ita ce ta fi ɓata tsakanin mutane. Fallen nako da ya daɗe, ƙarfen da ke riƙe da shi ya yi tsatsa ya saki, taɓawa kaɗan sai ya zame. A zagayen farko ne ake nuna wa maigida duk gilashin da ya tsage, ko ya ƙarzu, ko yake rawa, tun hannu bai kai gare shi ba, a kuma daidaita: wanda ya fashe don sakacin mai aiki, shi zai biya, wanda dama a tsage yake, ba ruwansa. Akwai ɓarnar da ba ta ƙara kamar fashewa amma ta fi ta dawwama, ita ce goge gilashi da busasshen tsumma alhali ƙura na kansa. Rairayi yana zana gilashi, zanen kuma ba ya wankuwa. Sai an fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka, sa'an nan soso da sabuni kaɗan, sa'an nan roba ko tsumma mai tsabta. A kuma bi inuwa, a fara da gefen yamma da safe, a koma gefen gabas bayan rana ta karkata, domin gilashi mai zafi yana busar da ruwan sabuni kafin a share shi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in an faɗi cikakken kuɗi, maigida yana da hakkin ya zaga ya duba kowace taga kafin ya biya, a kuma sake wadda ba ta fita ba ba tare da ƙarin ko dala ba.

Mintocin da aka kawo a misalin baya ba za su zama na kowa ba, hannu ya fi hannu sauri. Hanyar da mai sana'a zai san nasa ita ce ya riƙe ɗan kaye da bik, ko ya sa wani ya rubuta masa: ranar aiki, unguwa, yawan tagogi da irinsu, lokacin da ya fara da wanda ya gama, abin da ya kashe da abin da ya karɓa. Bayan wata biyu ko uku kayen zai nuna masa minti nawa tagar nako ke ci a hannunsa, kwana nawa yake samun aiki cikin wata, da kuma gidajen da yake fita daga cikinsu da asara. Shi ne kuma zai buɗe a gaban Alhaji ranar da kuɗin sabuni ko na taksi ya tashi, ya nemi a ƙara masa dala goma a kan kowace taga.